Me ya sa aka gina wa bututun ruwa doguwar gada a kan Kogin Harlem?

Tambayar ta zo mini ne daga wani ɗalibi mai karatun aikin injiniya, wanda ya ga hoton tsohuwar gadar nan ta birnin New York a Amurka da ake kira High Bridge, wato Doguwar Gada, aka kuma shaida masa cewa ba a gina ta don mota ko jirgin ƙasa ba, don bututun ruwan sha kawai aka yi ta. Yana son ya san dalilin da zai sa a kashe dukiya mai yawa haka wajen ɗaga bututu sama da ƙafa 100 a kan kogi alhali ana iya shimfiɗa shi a ƙasa, yana kuma son ya san abin da ya sa tsakiyar gadar ƙarfe ne amma gefunanta dutse.

Malam, tambayarka ta farko ita ce daidai wadda injiniyan da ya gina gadar ya yi wa hukumomin zamaninsa, domin shi kansa ba doguwar gada ya so ya gina ba. Ya kawo lissafi ya nuna cewa gajeriyar gada ta wadatar, aka ƙi, doka ta tilasta masa. Ruwa biyu ne suka yanke siffar wannan gini. Akwai ruwan shan da ke bi ta samanta, wanda ba ya son a sauke shi daga tsayinsa, akwai kuma ruwan kogin da ke bi ta ƙarƙashinta, wanda masu jiragen ruwa ba su yarda a toshe musu shi ba. Amsar tambayarka ta biyu ma tana wurin wannan ruwa na ƙasa, sai dai shekara tamanin ne tsakaninsu.

A farkon ƙarni na 19 birnin New York yana kan tsibirin Manhattan ne kawai, kuma ruwa ya kewaye shi ta ko'ina amma babu na sha a ciki. Kogin Hudson da ke yamma ruwansa gauraye yake da na teku a daidai birnin, na gabas kuwa ruwan gishiri ne. Shi kansa Harlem ɗin, ko da yake ana ce masa kogi, mashigi ne da ya haɗa waɗannan ruwaye biyu, yana cika yana janyewa tare da teku. Mutane sun dogara da rijiyoyi da ruwan sama da suke tarawa, rijiyoyin kuma suna kusa da masai da maƙabartu da wuraren jima. A shekarar 1799 an ba wani kamfani mai suna Manhattan Company izinin kawo ruwa, ya shimfiɗa bututun itace ya ja ruwan rijiya, amma hankalinsa ya fi karkata ga harkar banki. A 1830 mutanen birnin sun haura 200,000. A 1832 kwalara ta kashe kimanin mutum 3,500. A watan Afrilu na 1835 jama'a suka kaɗa ƙuri'ar amincewa a kawo ruwa daga Kogin Croton da ke arewa, kuma a Disambar wannan shekara gobara ta cinye ɗaruruwan gine-gine a tsakiyar unguwar kasuwanci, a daren da sanyi ya daskarar da ɗan ruwan da masu kashe gobara suke da shi. 

Hanyar ruwan da aka gina daga 1837 zuwa 1842 tana da tsawon mil 41, wato kimanin kilomita 66, kuma babu injin tura ruwa ko ɗaya a kanta. Kwalbati ce rufaffiya ta jan bulo da dutse, tsayinta kimanin ƙafa takwas da rabi, faɗinta bakwai da rabi, wadda mutum zai iya tafiya a tsaye a cikinta. Ruwa yana gangarowa da kansa, domin an yi mata gangara ta kimanin inci 13 a kowane mil, wato kimanin santimita 20 a kowace kilomita. Ina so ka riƙe wannan adadi a ranka, saboda shi ne dukiyar aikin baki ɗaya. Tsayin da ruwa ya baro madatsa da shi, shi ne jarin injiniya, kuma duk incin da ya zube a hanya ba ya dawowa. Idan ruwa ya iso birni da tsayinsa, zai hau benaye da kansa, zai fita daga bakin tiyon masu kashe gobara da ƙarfi. Idan ya iso ya riga ya yi ƙasa, sai dai a sayi gawayi a kunna injin tururi dare da rana. Don haka inda ƙasa ta yi tudu aka fasa ta, inda ta yi kwari aka cike ta ko aka ɗora kwalbatin a kan baka, kamar yadda aka yi a garin Sing Sing, wanda yanzu ake kira Ossining, da baka guda mai faɗin ƙafa 88.

Da hanyar ta iso bakin Harlem sai ta tarar da kwari mai faɗin ƙafa 1,450, kuma ruwan kogin yana can ƙasa da ita da fiye da ƙafa 100. Hanyoyi biyu ne ake ƙetare irin wannan wuri. Ta farko ita ce a ɗaga kwalbatin a kan gada, ruwa ya wuce a miƙe ba tare da ya san ya bar ƙasa ba, kamar yadda Rumawa suka yi a gadar Pont du Gard da ke kudancin Faransa, mai tsayin kusan mita 49. Ta biyu ita ce a zuba ruwan a cikin rufaffen bututu, bututun ya gangara cikin kwari ya taso ta ɗaya gefen. Duk wanda ya taɓa ganin magina suna awon daidaito da siririn tiyo mai ruwa a ciki ya san yadda wannan yake aiki: ko yaya tsakiyar tiyon ta kwanta a ƙasa, ruwan da ke bakunansa biyu tsayinsa ɗaya ne. Bambancin kawai shi ne ruwa mai tafiya yana gogar jikin bututu, sai ya rasa kaɗan daga tsayinsa, sannan ƙasan bututun yana shan matsi. Kowace mita 10 ta zurfi tana ƙara matsi na kimanin kilo ɗaya a kan kowace murabba'in santimita. Rumawa sun san wannan dabara, sun yi ta da bututun dalma a hanyoyin ruwan birnin Lyon, amma dalma tana da tsada kuma ba a iya yin faffaɗan bututu da ita. A ƙarni na 19 zubabben ƙarfe ya riga ya samu, kuma matsin mita 30 ko 35 ba wani abu ba ne a wurinsa.

Babban injiniyan farko na aikin, David Bates Douglass, wanda ya koyar a makarantar horar da hafsoshin soja ta West Point, doguwar gada ya zana tun farko. Bai jitu da kwamishinonin ruwa ba, aka sallame shi a 1836, aka ɗauko John B. Jervis. Shi Jervis bai yi makarantar injiniya ba. Ya fara ne da gatari a hannu, yana share wa masu awo daji a aikin mashigin ruwa na Erie, ya koyi sana'ar a bakin aiki har ya zama babban injiniyan mashigin Delaware da Hudson. Mutum ne mai tsantseni da kuɗin jama'a, kuma da ya yi lissafi sai ya ga cewa gajeriyar gada, wadda bututun ƙarfe zai gangara ya bi ta kanta ya sake hawa, tare da kafa guda da aka bar wa jirage, za ta fi araha nesa ba kusa ba, za a gama ta da wuri, kuma ba ta buƙatar a ɗora dubban tan na dutse a kan laka. Kwamishinoni suka goyi bayansa. A ganina ta fuskar aikin ruwa zalla Jervis yana da gaskiya, kuma shaidar tana kan hanyar ruwan kanta, domin 'yan mil kaɗan gaba, a kwarin da ake kira Manhattan Valley, ya sauke ruwan cikin bututun ƙarfe ya nutsa kimanin ƙafa 100 ya taso, ba tare da wata gada ba, kuma ya yi aiki.

Sai dai kwarin Manhattan busasshe ne, Harlem kuwa hanyar jirage ce, ko da yake jiragen da ke binsa a lokacin ba su da yawa. Masu filaye a gaɓar kogin suna hangen ranar da za a yashe shi ya zama babbar hanyar fatauci tsakanin Hudson da gabar gabas, kuma sun san cewa gajeriyar gada za ta kashe wannan buri, domin jiragen zamanin masu filafilai ne da dogayen sanduna. Sun riga sun nuna ba wasa suke yi ba. A 1838 wani mai fili, Lewis G. Morris, ya jagoranci mutane suka fasa wata madatsa da ake kira Macombs Dam wadda ta tare kogin, suka wuce da jirginsu, kotu kuma daga baya ta ba su gaskiya cewa babu mai ikon toshe hanyar ruwa ta jama'a. Suka kai kuka majalisar dokokin jihar New York, kuma a 1839 majalisar ta yi doka cewa ɗayan biyu ne: ko a ratsa da ruwan ta ƙarƙashin kogi, ko a yi gada wadda bakunanta na kan ruwa ba za su gaza ƙafa 80 a faɗi ba, kuma daga saman ruwa lokacin cikarsa zuwa ƙasan baka ba zai gaza ƙafa 100 ba.

To, me ya hana ramin ƙarƙashin kogi, wanda shi ne abin da ka fi karkata gare shi? A yau amsar mai sauƙi ce, akwai injinan haƙa, akwai iska mai matsi da ake korar ruwa da ita, akwai bututun da ake ja ta ƙarƙashin kogi daga gaɓa zuwa gaɓa. A 1839 babu ko ɗaya daga cikinsu. Abin koyi guda da duniya take kallo shi ne ramin da Marc Brunel yake haƙawa a ƙarƙashin Kogin Thames a Landan, wanda aka fara a 1825, ruwa ya fasa cikinsa a 1827, ya sake fasawa a 1828 ya kashe ma'aikata, aka dakatar da shi shekara bakwai, kuma ba a buɗe shi ba sai 1843. Injiniyan da aka ɗora wa alhakin ruwan shan birni guda ba zai kai jarinsa inda ba ya iya ƙiyasta kuɗi ko ranar gamawa ba. Akwai kuma batun gyara, wanda ɗalibai sukan manta da shi. Bututun da ke kan gada idan ya tsage ana ganinsa, ana rufe shi a canza, wanda ke ƙarƙashin laka da ruwan gishiri kuwa yana iya yoyo shekaru ba a sani ba, ƙarfen kuma yana cin tsatsa. Jervis ya zaɓi abin da ya san yadda ake yi, aka ba da kwangilar gada a wannan shekara ta 1839.

Gadar da ta fito tana da baka 15 na sassaƙaƙƙen dutse, kowanne rabin da'ira, irin wanda maginanmu suke kira bakan gizo. Takwas suna da faɗin ƙafa 80 kamar yadda doka ta ce, sauran bakwai da ke kan tudu suna da ƙafa 50. Tsawonta ƙafa 1,450 ne, kimanin mita 440, daga Manhattan zuwa gaɓar da a lokacin take cikin gundumar Westchester, yanzu kuwa unguwar Bronx ce. Sunayen 'yan kwangilar, George Law da Samuel Roberts da Arnold Mason, suna rubuce a jikinta tare da na Jervis. Waɗanda suka ɗauki dutsen da kafaɗunsu, a nan da sauran hanyar ruwan, yawancinsu baƙi ne 'yan ci-rani daga ƙasar Ayalan.

Aikin da ya fi ba da wahala shi ne wanda ba a gani a hoto. Kowane ginshiƙi da ke cikin kogi sai an kewaye wurinsa da shingen katako mai ruɓi biyu, a cika tsakaninsu da yumɓu, a kwashe ruwan ciki, sannan a haƙa a busasshe. A wasu wuraren an tarar da dutsen ƙasa kusa, aka ɗora harsashi a kansa kai tsaye. A wasu kuwa laka ce da yashi da manyan duwatsu warwatse, dutsen ƙasa ya yi nisa, sai aka kafa turakun katako masu yawa kusa da juna, aka buga su har suka ƙi shiga, aka shimfiɗa musu katako da kankare, aka fara gini. Kada katakon ya ba ka mamaki, domin itacen da ke nutse a ruwa kullum, iska ba ta taɓa shi, yana iya shekaru ɗaruruwa bai ruɓe ba. Haɗarin yana wani wuri dabam. Gadar baka ba ta yafe zama: idan ginshiƙin da ke kan turaku ya nutsa da 'yan inci, maƙwabcinsa da ke kan dutse bai motsa ba, bakan da ke tsakaninsu zai buɗe, bututun da ke samansa kuma zai karye, domin zubabben ƙarfe ba ya lanƙwasa.

Wannan tsoro ne ya sa Jervis ya rage wa ginin nauyi ta duk inda ya samu hali. Wanda ya kalli gadar daga waje zai ɗauka dunƙulallen dutse ce, amma a saman ginshiƙai, a tsakanin kafaɗun bakuna, an bar sarari a ciki, aka yi siraran bangaye suna ɗauke da benen da bututu yake kwance a kai. Ya kuma bar hanyoyi a cikin ginshiƙan domin duk ruwan da ya tsiyaya, na sama ne ko na yoyo, ya samu mafita ya sauka. Mu da muke ƙasa mai zafi ba kasafai muke tuna wannan ba, amma a New York ruwan da ya maƙale a tsakanin duwatsu yana daskarewa a lokacin hunturu, ƙanƙara kuma tana kumbura fiye da ruwa da kusan kashi 9 cikin 100, sai ta tura dutse kaɗan kowace shekara har ta raba shi da ɗan'uwansa. Ina ganin wannan magudanar ɓoye tana daga cikin manyan dalilan da suka sa bakunan suke tsaye har yau.

Wani abin da nake so ka lura da shi, Malam, shi ne ko da aka tilasta masa doguwar gada, Jervis bai yar da dabararsa ta bututu ba. Bai ɗora kwalbatin bulo a kan gadar ba kamar yadda Rumawa za su yi. Ya tsayar da gadar a daidai mafi ƙarancin tsayin da doka ta yarda, wanda ya gaza layin ruwan da ƙafa goma da wani abu, sannan ya sa bututu biyu na zubabben ƙarfe, kowanne mai faɗin inci 36. A gefen Bronx ruwa yana fitowa daga kwalbati ya shiga wani ɗaki mai ƙofofin ruwa, ya gangara cikin bututun, ya ƙetare gada, ya taso a irin wannan ɗaki a gefen Manhattan ya koma cikin kwalbati. Ribar wannan tana da yawa. An rage tsayin gini na tsawon mita 440, kuma kowace ƙafa da aka rage dutse ne mai yawa da nauyi mai yawa a kan turaku. Bututu ba ya yoyo kamar bulo. Tun da biyu ne, ana iya rufe ɗaya a gyara, birni bai kwana da ƙishirwa ba. Sannan aka binne su cikin ƙasa a kan gadar, don kada ruwan ya daskare, don kuma kada ƙarfen ya riƙa miƙewa yana tsukewa da sauyin yanayi. Ka yi lissafin da kanka: ƙarfe mai tsawon mita 440, idan zafinsa ya sauya da digiri 30, tsawonsa zai sauya da kusan santimita 15, dutsen da yake kwance a kai kuwa ba zai bi shi daidai ba, kuma a mahaɗin bututu ake biyan wannan bambanci.

Gadar ba ta gamu da wuri ba, birnin kuma bai jira ta ba. A 1842 aka shimfiɗa bututun wucin gadi mai inci 36 a ƙasa, a kan shingayen da aka yi don aikin ginshiƙai, ruwan Croton ya ƙetare Harlem ta cikinsa, ya isa ma'ajiyar da ke inda babban filin Central Park yake yanzu, ya wuce ta biyu da ke kan titi na 42, inda babban ɗakin karatun birnin yake a yau. Ranar 14 ga Oktoba, 1842 aka yi bikin zuwan ruwa. Ke nan shekara shida cur ruwan birnin yana bin irin hanyar da Jervis ya ce a bi tun farko, kafin a gama gadar a 1848 a kan kuɗi da suka kusa dala miliyan ɗaya.

Duk da haka ba zan ce majalisa ta yi kuskure ba. Injiniya yana lissafin aikin da aka ba shi, kogi kuwa ba na aikin ruwa kaɗai ba ne, kuma burin masu filayen ya tabbata, domin a 1895 aka buɗe mashigin jirage da ya miƙe Harlem ya haɗa shi sosai da Hudson. Inda Jervis ya gaza a wani wurin ne, wato girman bututun. Bakin kwalbatin bulo ya kusa ninki huɗu na bakunan bututun biyu a haɗe, saboda haka gadar ta zama maƙogwaron da ruwa yake shaƙewa a cikinsa da zarar buƙata ta ƙaru. Ta kuwa ƙaru fiye da yadda kowa ya zata. Birnin da ke da mutum 312,000 a 1840 ya haura 800,000 a 1860, gidaje kuma sun fara sa famfo da bahon wanka da masai mai ruwa. A farkon shekarun 1860 aka ƙara bututu na uku mai faɗin inci 90, kimanin mita 2.3, a saman na farko. Wannan ba zubi ba ne, farantan ƙarfen ƙira ne aka naɗe aka haɗa da ƙusoshi, domin zuba bututu mai wannan girma zai yi nauyin da gadar ba za ta so ba. Faɗinsa ninki biyu da rabi ne na ƙaramin, bakinsa kuwa ya fi ninki shida, kuma ruwan da ke cikin kowace mita ɗaya ta tsawonsa ya kai tan huɗu. Aka ɗaga bangayen gefe, aka rufe shi da rufin baka na bulo, aka shimfiɗa daɓen jan bulo a sama. Wannan daɓe shi ne ya zama hanyar ƙafa, kuma a ƙarshen ƙarni na 19 mutanen birnin sukan zo ta jirgin ƙasa da jirgin ruwa ranakun hutu don su yi tattaki a kansa.

Hasumiyar da ke tsaye kusa da gadar ta gefen Manhattan ita ma ta aikin ruwa ce. Tudun arewacin Manhattan ya fi layin ruwan tsayi, don haka ruwa ba ya hawansa da kansa. Aka gina ma'ajiya a bakin gadar da hasumiya mai tsayin kimanin ƙafa 200, wadda aka gama a 1872, da tanki mai cin galan 47,000 a samanta, injin tururi yana tura ruwa ciki. A nan ne aka buƙaci inji, kuma don unguwannin tudu kaɗai.

Tun da kana karatun gine-gine, yana da kyau ka san cewa a kusan wannan zamani wani injiniyan soja, Montgomery C. Meigs, ya warware irin wannan matsala ta wata hanya a birnin Washington. A inda titin Pennsylvania ya ƙetare rafin Rock Creek, bai gina gada ya ɗora mata bututu ba. Ya harhaɗa bututu biyu na zubabben ƙarfe masu inci 48 a siffar baka, suka zama su ne bakan gadar, mai faɗin ƙafa 200, ruwa yana bi ta cikinsu, hanya tana kansu. Dabara ce mai ban sha'awa, amma ni ba zan ba ɗalibi shawarar ya kwaikwaye ta ba, domin ranar da bututu ya buƙaci canji gadar ma ta tafi, kuma girgizar abin hawa tana sauka ne kai tsaye a kan mahaɗan da ke riƙe da ruwa.

Yanzu sai tambayarka ta biyu. A 1890 aka buɗe sabuwar hanyar ruwa daga Croton, wadda ta fi tsohuwar girma sosai, kuma ita ta ƙetare Harlem ne ta rami a cikin dutse, kimanin ƙafa 300 ƙarƙashin ruwa, abin da ba a iya yi ba shekara hamsin kafin nan. A 1917 ruwan duwatsun Catskill ya iso. Daga nan tsohuwar gada ta zama ƙari a kan abin da ake da shi. A gefe guda kuma jiragen sun sauya. Dokar 1839 ta damu da tsayi ne saboda sandunan filafilai, amma jiragen ƙarni na 20 faffaɗan kwale-kwalen kaya ne da ake ɗaure su jere, ƙaramin jirgi mai inji yana jan su, kuma abin da suke buƙata shi ne faɗi. Kafar ƙafa 80 tsakanin ginshiƙai, ga igiyar ruwa tana ƙara ƙarfi a matsatsi, ta zama tarko. Injiniyoyin sojan Amurka, waɗanda su ne ke da iko a kan hanyoyin jiragen ruwa, suka ce a cire ginshiƙan da ke tsakiyar kogi. Hukumomin birnin sun so su rushe gadar gaba ɗaya, amma ƙungiyoyin injiniyoyi da masu zanen gine-gine da sauran jama'a suka tashi suka hana. Aka yi sulhu: a 1927 aka rushe baka biyar da ginshiƙai huɗu da ke tsakaninsu, aka maye gurbinsu da baka ɗaya na ƙarfe mai faɗin kimanin ƙafa 450, aka sake buɗe gadar a 1928. Bakunan dutsen da suka rage mafi yawansu suna gefen Bronx, ɗaya ne a gefen Manhattan.

Wannan aiki ba ƙarami ba ne, kuma ya kamata ka gane dalili. A jerin bakuna kowane baka yana tura ginshiƙinsa gefe, maƙwabcinsa kuma yana mayar da turin, sai ginshiƙin ya ɗauki nauyin sama kawai, shi ya sa ake iya yin sa siriri. Ranar da ka cire baka ɗaya, ginshiƙin da ke bakin gurbin ya rasa mai tare masa, jerin duka yana iya zubewa ɗaya bayan ɗaya. Don haka sai an tokare bakunan da za su zauna kafin a taɓa na tsakiya, sannan a yi wa sabon bakan ƙarfen ƙaƙƙarfan harsashi nasa a gaɓa biyu, domin baka mai faɗi kuma kwantacce turinsa na gefe ya fi na rabin da'ira yawa. An zaɓi ƙarfe ne saboda dutse mai wannan faɗi zai yi nauyin da babu harsashin da zai ɗauka da araha. Ni dai ina ganin gadar ta yi asarar kyanta a wannan gyara, domin tsohon jerin bakunan yana da tsari ɗaya daga gaɓa zuwa gaɓa, amma da ba a yi shi ba da babu abin da zai rage a yi magana a kansa.

A tsakiyar ƙarni na 20 aka daina bi da ruwa ta gadar. Ma'ajiyar da ke bakinta an riga an mai da ita wurin ninkaya tun 1936, hasumiyar kuma ta daina aiki a 1949. Wajajen 1970 aka rufe hanyar ƙafar, a shekarar da birnin ya sa gadar cikin gine-ginen tarihi da doka ta kare, ta zauna a kulle fiye da shekara arba'in. An gyara ta da kuɗi da suka haura dala miliyan 60, aka cike mahaɗan duwatsu, aka goge ƙarfen aka yi masa fenti, aka sake shimfiɗa daɓen, aka sa raga a gefe da hanyar masu keken guragu, sannan aka buɗe ta ga masu tafiya a ƙasa da masu keke ranar 9 ga Yuni, 2015. Ita ce gada mafi tsufa da ke tsaye a birnin New York. Idan Allah ya kai ka wurin, ka fara tsayawa a ƙasa ta gefen Bronx ka dubi inda dutse ya haɗu da ƙarfe, ka ga kaurin wurin da sabon bakan ya tokara, sannan ka hau sama. Babban bututun nan mai inci 90 yana nan a ƙarƙashin daɓen da za ka taka, babu ruwa a cikinsa, kuma an bar shi a inda aka shimfiɗa shi.